Kano zuwa Accra ta mota da ɗan guzuri: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tunda na fara bin hanyar nan ta bakin teku, duk wanda zai tafi Gana karon farko a unguwarmu sai an turo shi wajena, kuma tambayoyin kusan guda ne kullum, shi ne nace bari in tattara su waje ɗaya in huta da maimaici. Wannan na wanda ya haɗa kuɗinsa da ƙyar ne yake ƙirga kowace naira, mai kuɗin jirgi ba ruwansa da mu. Da gangan ban sa kuɗin mota ba, don yadda mai da naira suke rawa kafin ka gama karantawa ya zama tsohon labari.

1. Wai da gaske ana zuwa Gana daga Kano a mota ba tare da biza ba?

Ƙwarai kuwa. Najeriya da Benin da Togo da Gana duk 'yan ECOWAS ne, kuma tun 1979 akwai yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa a cikin ƙungiyar damar shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba biza. Sai dai fa mutanenmu suna haɗa abu biyu, "ba biza" daban "ba takarda" daban. Ba zaka je ofishin jakadanci neman izini ba, amma dole ka riƙe abin da zai nuna kai waye (tambaya ta 3 da ta 4).

2. Wace hanya ake bi, kuma boda nawa ce?

Boda uku ce. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000, daga Legas ka bi ta Badagry zuwa Seme, nan ce boda ta farko, ɓangaren Benin ana ce mata Krake. Sai Kwatano, ka wuce Ouidah da Grand-Popo ka isa Hillacondji, boda ta biyu, ɓangaren Togo kuma Sanvee-Condji kusa da garin Aneho. Togo ta bakin teku siririya ce, kilomita hamsin da wani abu ne kawai ka ratsa ta, kuma boda ta uku a cikin garin Lome take, ka taka da ƙafa ka shiga Aflao shikenan kana Gana. Daga Aflao zuwa Accra bai kai kilomita 200 ba, zaka haye kogin Volta a Sogakope ka bi ta Tema.

Abin mamakin shi ne Legas zuwa Accra gaba ɗaya bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai rabin Kano zuwa Legas ba, amma yana iya cinye maka yini guda cur har da ɗan dare, saboda ba tafiyar ce ke cin lokaci ba, tsaye-tsayen ne. Af, in kaji dattawan zango suna cewa "Ankara" kada ka zata Turkiyya suke nufi, haka Hausawan can ke kiran Accra tun da can.

3. Wace takarda zan riƙe, fasfo ko akwai mai sauƙi?

Waɗanda aka fi sani biyu ne. Ko fasfo ɗin nan kore da kowa ya sani, ko kuma takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, ita ma ɗan littafi ne, ofishin shige da fice ke bayarwa, tana aiki shekara 2 kuma a ƙasashen ƙungiyar kaɗai. Tun daga watan Satumba na 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000, to kaga wanda Gana kawai zai je ya dawo takardar ECOWAS ta fi masa sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Amma in kana da niyyar Umara ko wata tafiya nan gaba ka daure ka yi fasfon sau ɗaya ka huta.

Takardar NIN da katin zaɓe da lasin tuƙi ba takardun ƙetare boda ba ne, ko da wani ya rantse maka cewa shi da su ya wuce. Eh ya wuce, amma tambaye shi nawa ya kashe a hanya (tambaya ta 5). Ka yi hoton shafin farko na fasfonka guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a waya.

4. Shi yalo kad ɗin nan dole ne?

Dole ne, kuma shi ne abin da aka fi kama mutanenmu da shi, don mutum zai yi fasfo ya manta da wannan. Katin shaidar allurar shawara ne, ana yin rajista da biya ta intanet sannan ka je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, a Kano akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, a yi maka allurar a baka katin. Tun 2019 aka koma sabon kati mai lambar da ake dubawa da na'ura, tsohon da ake cikewa da biro a bakin titi ya daina aiki.

Abu biyu ka riƙe. Katin baya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Na biyu, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, to in wani ya ce maka naka ya ƙare saboda ya shekara goma, ba haka ba ne. Kuma dan Allah a yi allurar da gaske, masu sayen kati ba allura kansu suke cuta, sauro baya karanta kati.

5. An ce min ko ba takarda ana wucewa in ka ɗan ba da na goro, ba zai fi arha ba?

To nan ne inda nake so in daɗe, don wannan tunanin shi ya fi cinye kuɗin talaka a hanyar nan. Gaskiya ne ana wucewa, ba zan yi maka ƙarya ba, kullum mutane na wucewa, wasu ta ƙofa wasu ta ɓarauniyar hanya a bayan ɗan acaɓa. Amma yi lissafi da kanka: boda uku, kowace tana da ɓangaren fita da na shiga, tebur shida kenan na shige da fice kaɗai, ban da na masu duba kati, ban da shingayen da ke tsakanin Badagry da Seme waɗanda in ka fara ƙirgawa zaka gaji ka daina, sannan ka ninka duka sau biyu don ai zaka dawo. Mai takarda in an tsayar da shi yana da bakin magana, ya miƙa a duba a bashi abinsa. Marar takarda kuwa duk abin da aka yanka masa shi zai biya, ba ciniki, kuma direba ba zai jira shi ba, yana ji yana gani za a sauke masa jaka mota ta tafi da kuɗin da ya riga ya biya.

Sannan matsalar bata ƙarewa a boda. In ka shiga ƙasa ba a buga maka hatimi ba, a idon hukuma baka shigo ba, a ɓoye kake, tsakanin Aflao da Accra ma akwai inda ake sauke fasinja a sake duba takardu. Ranar da wani abu ya same ka, rashin lafiya ko rigima ko sata, baka isa ka je wajen 'yan sanda kai ƙara ba don kai ne farkon wanda za a riƙe. Na sha ganin wanda ya guje wa kuɗin takarda ya kashe ninkinsa kafin ya ga Lome, arha dai bata ado.

6. In hau babbar mota kai tsaye ko in yi ta guntu-guntu?

Akwai kamfanoni irin su ABC da Chisco da GUO da ke ɗauka daga Legas har Accra, su ne masu sauƙin kai, ma'aikacinsu zai karɓi fasfunan kowa a boda ya je a buga ya dawo da su, kai dai ka sauko in an ce a sauko. In karonka na farko ne, ko kana tare da iyali ko kaya mai yawa, wannan nake ba ka shawara ko da ya fi tsada.

Guntu-guntu kuwa shi ne ka hau ta Seme daga Mile 2, ka ƙetara da ƙafa, ka hau tasi ta haɗaka zuwa Kwatano, wata zuwa Lome, ka taka zuwa Aflao ka hau ta Accra. Ya fi arha in ka san farashi kuma kayanka jaka ɗaya ce ta goyo, kuma sau da yawa ya fi sauri ma, don ba sai ka jira an gama da mutum hamsin ba. Amma in baka sani ba kowane canjin mota wata dama ce ta a yanke ka. Dabarata ita ce bana tambayar ɗan kamasho kuɗin mota, sai in leƙa in tambayi fasinjan da ya riga ya zauna nawa ya biya.

7. Kano zuwa Legas fa, kuma ina zan kwana?

Manyan motocin Sabon Gari su ne na talaka, ka ware kusan kwana guda a hanya. Hawa saman tirelar shanu ko ta albasa ya fi komai arha, na sani, amma ni dai ba zan ce ma ɗan'uwana ya hau ba, mun ga abin da muka gani. In ka isa Legas kada ka zarce boda a gajiye da yamma, ka kwana wajen 'yan'uwa a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, ka yi asubanci ka kama hanyar Mile 2 kafin gosulo ya tashi. Burinka ka ƙetare Seme da hantsi ka ƙetare Aflao da sauran rana.

8. In na isa boda me zan yi, daga ina zan fara?

Kana sauka za a yanyame ka, wannan ya ja jaka, wannan ya ce kawo fasfo in buga maka, wannan ya ce ofis ya tashi sai ta baya. Kada ka ba kowa fasfonka sai wanda ke cikin kaki yana zaune a bayan tebur ko taga. Ka rungume jakarka ka bi inda masu tafiya a ƙafa ke bi. Tsarin dai guda ne a ko'ina: masu duba yalo kad, sai shige da fice na ƙasar da kake bari su buga na fita, sai na ƙasar da zaka shiga su buga na shiga, sai kwastan su leƙa jaka. A Seme abin ya ɗan fi tsari tunda Buhari da takwaransa na Benin, Talon, suka buɗe ginin haɗin gwiwa a watan Oktoba na 2018, ɓangarorin biyu suna harabar guda.

Za a tambaye ka ina zaka, wajen wa, kwana nawa, to ka tanadi amsa da adireshi da lambar wayar mai masaukinka a rubuce a takarda, ba a waya kaɗai ba. Kafin ka bar tagar ka buɗe fasfon ka ga hatimin da idonka ka duba kwanan watan. Kuma ka mayar da waya aljihu, ɗaukar hoto ko bidiyo a boda neman rigima ne da kuɗinka.

9. To in takarduna sun cika amma aka ce sai na biya kafin a buga fa?

Zai faru, gara ka sani tun daga gida. A ƙa'ida buga hatimi ga ɗan ECOWAS ba kuɗi ba ne, amma an mayar da shi kamar al'ada, musamman in fasfonka sabo ne fil ba a taɓa buga masa komai ba, har suna gare shi, wai fasfo budurwa. Zuwana na farko a ɗaya daga cikin bodojin nan wani jami'i ya juya nawa gaba da baya yana murmushi ya faɗi abin da zan bayar, ni kuma ba ni da ƙananan kuɗi sai 'yar dubu goma ta sefa guda, na miƙa ina jiran canji, har yau ina jira.

Abin da na koya, gaisuwa tukuna, "yallaɓai barka da aiki", fuska a sake, kada ka ɗaga murya kada ka fara karanto masa doka a gaban mutane. Ka tambaya a hankali ko akwai rasit. Wani lokacin in ka nuna ba sauri kake ba ka koma gefe ka tsaya, da kansa zai gaji ya buga ya miƙo maka, wani lokacin kuma ba zai gaji ba, kai zaka auna tsakanin lokacinka da kuɗinka, ni ba zan yanke maka ba. Amma ko me zaka yi kada ka zaro damin kuɗi a gabansa, ƙanana a aljihun gaba, manya a can ciki inda sai ka shiga bayi kake taɓa su.

10. A ina zan yi canji, kuma wane kuɗi zan riƙe?

Kuɗi uku zaka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Sefar nan ita ce dai ta Nijar, ƙasashe 8 ke amfani da ita, to in kana da ragowar ta Maraɗi ko Damagaram zata yi aiki. Amma ta Kamaru da Chadi daban ce duk da sunan ɗaya, ba za a karɓa a kasuwa ba. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a yuro ɗaya, shi yasa bata rawa kamar naira, don haka ni tun a kasuwar canji ta Wapa a Kano nake sayen wadda zata kai ni ta dawo da ni in ajiye ta gefe ban taɓa ba.

A kowace boda akwai 'yan canji kuma yawancinsu da Hausa zaku yi magana, amma jin Hausa ba shi ne amana ba, ka duba farashin ranar a waya kafin ka isa, ka tambayi mutum biyu ko uku, ka ƙirga naka a hannunka kafin ka saki nasu, in an ƙirga an karɓa an sake miƙo maka to sake ƙirgawa. A Aflao ka canza abin da zai kai ka Accra ka ci abinci kawai, sauran ka bari sai cikin gari. Kuma kada ka dogara da katin bankinka na naira, ka ɗauke shi kamar babu.

11. Na ji ana cewa dala da jika, ya lissafin yake?

Wannan ya rikita mutane da yawa. In kana ciniki da Bahaushen Nijar a Zangon Kwatano ko Lome, da dala yake ƙirga, kuma ba ta Amurka ba, dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika guda sefa 1,000. Mu a Kano jaka naira 200 ce, to kada ka ji "jika biyu" ka yi murna. A Gana kuma tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗinsu amma har yanzu wasu manya da tsohon lissafi suke magana, in mai ɗaki ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi, kada ka suma.

12. Ban iya Faransanci ba, ya zan yi a Kwatano da Lome?

Awowi kaɗan ne zaka yi a cikinsu in wucewa kake. "Bonjur" da "mersi" da "kwambiyan", wato nawa ne, sun isa, sauran ka miƙa waya ya rubuta maka lambar. 'Yan acaɓan Kwatano ana ce musu zem, masu riga ruwan ɗorawa, ku gama ciniki kafin ka hau kuma ka sa hular kwano don can ba wasa suke da ita ba. In ka rasa gane hanya ce masa Zongo ko Jonquet, unguwanni ne maƙwabta, nan zaka samu masallaci da 'yan canji da mai jin yarenka da zai nuna maka motar Lome.

13. Layin wayata zai yi aiki?

Zai iya kamawa amma kuɗin da zai ci ba na mai guzuri kaɗan ba ne, ka kashe data tun a Seme. Kada sunan MTN ya ruɗe ka, akwai shi a Benin da Gana amma kowanne gashin kansa yake ci, katinka na gida ba zai zama na can ba. In wucewa kawai zaka yi ta Benin da Togo ba sai ka sayi layi ba, ka sauke taswira a waya tun a gida, ka bari sai Gana ka je ofishinsu da fasfo a yi maka rajista. Soket ɗin Gana irin namu ne mai baki uku, na Benin da Togo mai ƙafa biyu zagayayyu, ka taho da fawa bank a cike. Kuma kana shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka Gana.

14. Abinci da sallah fa?

Ka taho da guzurinka na hanya, ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyen nama ko garin kwaki, zai rage maka kashe sefa. A bakin teku ana sayar da naman alade a fili, don haka kada ka ga nama a tire ka miƙa hannu, tambaya tukuna ko ka tsaya a kifi da ƙwai da burodi, burodin Kwatano dogon nan ma ya isa abinci. Kana shiga Gana kuwa kamar ka dawo gida ne, koko da ƙosai da safe har sunansa Hausa koko, waakye ɗin da suke ji da shi shinkafa da wake ne, ga tuwon zafi ga fura ga tsire. Wannan duk sawun kakanninmu ne fataken goro da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja da Salaga.

Sallah kuma kai matafiyi ne, kasaru da jam'i sun halatta gare ka, ka yi amfani da su don direban haɗaka ba zai tsaya maka ba. Ka riƙe 'yar buta ko gorar ruwa, kusan kowace boda akwai inda 'yan canji ke shimfiɗa tabarma.

15. Ban san kowa a Accra ba, ina zan sauka da arha?

Motocin Aflao da yawa a Tudu suke saukewa, tsakiyar kasuwa kusa da Makola. Daga nan ka hau trotro, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, zuwa Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko Madina, duk unguwannin da zaka yini baka yi wani yare ba sai Hausa. Hausar tasu ce dai sai ka saba, ba ruwansu da mace ko namiji, "matata ya zo" ne kawai, kada ka yi dariya don su ma taka dariya take basu. Akwai ƙananan gidajen baƙi a unguwannin nan da suka fi na cikin gari sauƙi sosai, ka ga ɗakin da ruwan da makullin kafin ka biya.

Al'adar zango ta karɓar baƙo tana nan, in ka je masallaci ka gaida liman ka gabatar da kanka ba za a rasa mai nuna maka hanya ba, amma kada ka tafi da niyyar a ɗauki nauyinka, su ma fama suke, ka tanadi kuɗin kwana uku aƙalla. In Juma'a ta same ka ka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, ginin Turkawa ne, daga Nima da ƙafa ma zaka je.

16. Mace zata iya tafiya ita kaɗai? Yara fa?

Hajiyoyi 'yan kasuwa sun fi mu sanin hanyar nan, wasunsu ma su ke koya wa maza. Amma wadda bata taɓa zuwa ba ta bi babbar mota ta kamfani (tambaya ta 6) kuma da rana. Mai niƙabi za a ce ta ɗaga a haɗa da hoton fasfo, tana iya roƙon mace ta duba ta. 'Yan mata da yara ana tsananta musu tambaya saboda masu safarar mutane, kowane yaro da takardarsa da katin allurarsa, in ba tare da mahaifinsa yake ba a riƙo takardar amincewarsa da takardar haihuwa.

17. Wani ya ce in kai masa saƙo, ko in shigo da ɗan kaya in mayar da kuɗin mota?

Saƙon da baka buɗe ka gani da idonka ba kada ka ɗauka, ko na waye, ko a tasha aka haɗa ka da Allah da Annabi. In aka samu ƙwaya a ciki wanda ke riƙe da jakar shi ne mai ita. Maganinka na asibiti ma ka bar shi a kwalinsa da takardar likita. Wajen dawowa kuma shinkafar waje da daskararrun kaji haramtattu ne ta bodar ƙasa, kwastan zasu ƙwace, atamfa turmi biyu uku na tsaraba ba matsala, amma in ta zama dila to ka shirya biyan haraji.

18. Ba wata hanya ta arewa da ba sai na zagaya Legas ba?

Akwai, ta da ma ita ce ta Nijar da Burkina a faɗo ta Paga zuwa Tamale da Kumasi. Amma ƙasashen biyu tare da Mali sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, ga matsalar tsaro a hanyar, ni ba zan tura baƙo can ba. Wasu na bi ta Chikanda a jihar Kwara su shiga Nikki da Parakou, masu gudun cunkoson Seme kuma su bi ta Idiroko su faɗa Porto-Novo. Duk suna aiki ga wanda ya saba, amma motoci basu kai na bakin teku yawa ba, kana iya yini a tasha ana jiran mutum biyu.

19. In na je naga wuri ya yi min, zan iya zama in nemi aiki ko in buɗe shago?

Kwana 90 ɗin na ziyara ne, ka duba abin da aka rubuta maka a hatimin Aflao don shi za a bi, in ka zarce akwai tara ranar fita, in kana son ƙari ka je ofishin shige da ficensu kafin ya cika. Kasuwanci kuma dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na kasuwa ga 'yan ƙasa, a kanta aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi wajen 2019 da 2020, to kada ka sayar da gonarka a kan labarin wani.

Wanda kuma aka kira a waya aka ce ga aiki a Gana albashi da dala, amma ya fara turo kuɗin rajista ko ya taho da su a hannu, dan Allah ya tsaya ya bincika ta wajen wani daban ba wanda ya kira shi ba, ko da abokinsa ne na ƙuruciya, don sau da yawa shi ma abokin an riƙe shi ne a wani gida an ce ba zai fita ba sai ya jawo mutum biyu. In ka ga dole sai ka je ka gani, fasfonka da kuɗin komawarka su zauna a jikinka, kuma wani a gida ya san sunan unguwar da lambar wanda zai tarbe ka a Tudu.